Jarabar Caca Ba Ta Wanke Mai Zamba

Matsayin wannan jarida kan shari'ar Craig Carton, wanda ya yi aikin gabatar da shirin wasanni a gidan rediyon WFAN na birnin Niyok, shi ne larurar ƙwaƙwalwa irin jarabar caca tana jawo wa mai ita tausayi, amma ba ta ɗauke masa alhakin dukiyar jama'a. Kotun Amurka ta same shi da laifin zamba a 2018, ta yanke masa ɗaurin watanni 42 a 2019, domin ya karɓi kuɗin masu zuba jari da sunan cinikin tikitin wasannin mawaƙa, ya biya bashin caca da su.

Jarabar caca, wato kasa daina yin ta duk da asarar da take jawowa, cuta ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, kuma mai fama da ita ya cancanci magani ba tare da gori ba. Sai dai shirya takardun bogi don yaudarar masu zuba jari, kamar yadda Carton ya yi, aiki ne na mai lissafi da ya san abin da yake yi, balle wanda sunansa a rediyo ya sa aka yarda da shi. Ya kamata kotuna su haɗa hukunci da magani, su tabbatar an mayar wa waɗanda aka cuta haƙƙinsu.