Ɗan Badun Da Ingila Ta Ci Moriyarsa

A unguwar Sabo ta birnin Badun, inda Hausawa suka kafa zango tun 1916, ba kowa ne zai shaida sunan Adedayo Adebayo ba. Alhali kuwa a birnin nan aka haife shi cikin 1970, zamanin da mahaifinsa, Adeyinka Adebayo, yake Gwamnan soja na Jihar Yamma.

A makaranta can Ingila ya goge a zari-ruga, wasan nan da mutum 15 ke karawa da 15, a rungumi ƙwallo mai siffar ƙwai a sheƙa da ita. Wurinsa gefen fili ne, inda akan ajiye masu zafin gudu. A 1993 yana cikin tawagar Ingila da ta ɗauki Kofin Duniya na 'yan bakwai-bakwai a Edinburgh, bayan ta ka da Ostareliya da ci 21 da 17. Madugun tawagar ma, Andrew Harriman, haifaffen Ikko ne. Daga 1996 zuwa 1998 Adebayo ya yi wa Ingila manyan wasanni 6, kuma a 1998 da shi kulob ɗin Bath ya ci Kofin Turai, inda ya doke Brive ta Faransa da ci 19 da 18.

Abokin wasansa a Bath, Steve Ojomoh, haifaffen Binin, ya yi wa Ingila wasa 12, har da Kofin Duniya na 1995. Da ya koma horarwa bai raina ƙaramin kulob ba. Ya riƙe Trowbridge har ta ci kofi a filin Twickenham cikin 2014.

To, abin lura a nan shi ne, dukansu uku Nijeriya ta haifa, amma wanda ya rena shi ya ci moriya. Samarin da suka gaji dambe da kokawa ba ƙarfi ko zuciya suka rasa ba, malami suka rasa. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kano ta riga ta nuna hanya da kulob ɗin Barewa. Ga filin wasa na Adamasingba gab da Sabo. Ya kamata shugabannin unguwar da hukumar wasanni ta Jihar Oyo su haɗa kai su nemo tsofaffin 'yan wasa su horar da yara, domin gwanin da Badun za ta haifa nan gaba ya sa rigar ƙasarsa.