Shirme Ne, In Ji Wa?

Hukunci uku ake yanke wa yaron da ya kulle kansa a ɗaki a Yelwa ko Wara ko Shanga, ya jingina katifa a bango don ta shanye amsa-kuwwa, ya ɗora waya a kan bokiti yana haɗa sauti. Ana cewa bai gada ba. Ana cewa ba shi da maigida a sana'ar. Wanda kuma aka fi faɗa shi ne abin da yake yi ba kiɗa ba ne, shirme ne. Yaran da nake magana a kansu ba su da yawa, kuma ba masu kwaikwayon waƙoƙin fim nake nufi ba, waɗancan suna da kasuwarsu, Allah ya ba da sa'a. Ina nufin wanda zai je bakin ruwa da asuba ya naɗi ƙarar filafili, da tarin injin jirgi kafin ya tashi, da hayaniyar cinikin albasa ranar kasuwa, ya dawo ya yayyanka su a FL Studio Mobile ko BandLab, ya ja wannan ya gajarta wancan, ya shimfiɗa su a kan gurmi ko kalangu, wani lokaci ko baiti ɗaya ba zai rera ba. Shi ake yi wa dariya. Ni kuwa ina ganin masu dariyar ne ke da tambayar amsawa.

Maganar gado ba ta cancanci dogon zance ba. Mamman Shata bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba. Wanda ke jin Shata a motarsa ba shi da bakin tambayar wani yaro ko wa ya haife shi.

Maganar maigida ce ke da ɗan nauyi, don a bayanta akwai kuɗi. Idan aka ce wa yaro ya nemi maigida, ana nufin ya tara kuɗin mota ya tafi situdiyo a Birnin Kebbi ko Kaduna ko Kano, ya biya a buga masa kiɗa. To me zai dawo da shi? Zai dawo da kiɗan da aka buga wa wanda ya riga shi shiga da safe, an ɗan sauya gudu, an ƙara masa gyaran murya har ya daina gane kansa. Waƙar da za ta fito ba za ka iya cewa daga Yauri take ko daga Haɗejia ba. Abin mamaki, wannan salo da yau ya zama doka, shi ma yara ne da suka koya wa kansu suka kafa shi. A ƙarshen shekarun 1990 samari a Kano suka samu fiyanon Yamaha, ba makaranta ba malami, suka yi ta dannawa har suka sa shi ya yi kukan kalangu da sarewa. Lokacin da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999, dattawa da yawa shirme suka kira kiɗan. Yanzu magadan waɗancan samari ne suka zauna a bakin ƙofa suna jifan ƙannensu da kalmar da aka jefi yayyensu da ita.

Amma ainihin abin da ke damun mutane, a ganina, shi ne babu sunan kowa a cikin abin da yaron ya haɗa. Kunnenmu ya saba da cewa kiɗa yana da ubangida. Yauri kuwa ta fi kowa sanin wannan, garin da Aliyu Dandawo da ɗansa Sani suka zauna suka yi wa sarauta hidima da bakinsu. Ba na raina wannan gado, wanda ya raina shi bai san Hausa ba. Sai dai abin da ya rage daga gare shi a kasuwar yau galibi waƙar ɗan takara ce, a jero sunaye a karɓi liƙi. Sautin da ba a ambaci Alhaji a cikinsa ba, ba wanda zai yi masa liƙi, abin da ba a yi wa liƙi kuma sai a ce ba kiɗa ba ne. Alhali luguden mata a turmi ba ya wasa kowa. Sarewar makiyayi ba ta roƙon kowa. Duk wanda ya taɓa jin matuƙa suna daidaita filafili a kan ruwa ya ji kiɗan da ba shi da ubangida, kuma ya girmi fiyano nesa ba kusa ba.

Masu cewa abin na Turawa ne su ɗan saurara. A 1944 wani ɗalibin aikin gona a Alkahira, Halim El-Dabh, ya ari na'urar naɗar sauti ya naɗi wani taron zar, wanda ɗan'uwan bori ne, ya dawo ya sarrafa muryoyin matan har suka zama wani abu dabam. Shekara huɗu ke nan kafin Pierre Schaeffer ya yi irin wannan a Faransa a 1948, ya kuma tafi da sunan. A nan maƙwabta, Mamman Sani na Nijar ya naɗi kiɗan da ya haɗa shi kaɗai a kan wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya a 1978. Kaset kaɗan aka buga, sauran rayuwar kiɗan ta ƙare a matsayin abin cike gurbi tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin a Yamai. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, duniya ta yi caa. Mdou Moctar, Buzun da yanzu ke cika dakunan taro a Turai da Amurka, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko saboda gidansu ba sa so. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, kuma ta katin memori da bulutut ya bazu daga waya zuwa waya. A Sakkwato fa, nan kusa da mu. Mu nawa ne muka san da shi kafin Bature ya nuna mana? Wannan ɗabi'a ta jiran baƙo ya zo ya ɗaga abin da muke takawa ita ce abin kunyar, ba katifar da yaro ya jingina a bango ba.

A wannan yanki kuma lamarin ya wuce nishaɗi. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsibirai da garuruwa, aka tashi mutum kimanin 44,000, Gungawa da Kambari da sauransu. An ƙidaya gidaje, an biya diyyar gonaki. Ba wanda ya ƙidaya waƙoƙin aiki da kiraye-kirayen masunta da suka nutse tare da gungunan. Yau harshen Shangawa na ja da baya a gaban Hausa, na Gungawa ma yara da yawa ba sa jinsa sosai. Muna da Rigata, gaskiya ne, amma biki ne na kwana biyu ko uku, a yi tseren kwale-kwale a gaban manyan baƙi a watse. Sauran kwanakin shekara wa ke riƙe da makirfo a bakin ruwa? Ba jami'a ba, ba ma'aikatar al'adu ba. Yaron nan ne da wayarsa mai tsagaggen gilashi, wanda zai kai ta shagon caji ya biya, a gefen tafkin da aka gina don ya ba ƙasa megawat 960.

Ba duk abin da suke haɗawa ne ke da daɗi ba. Da yawa ba ya sauraruwa, wasu kuma gangar amapiyano kawai suke ɗaukowa su liƙa mata kukan tsuntsu su ce sun ƙirƙira. Akwai kuma laifin da dole a gaya musu: kada ka naɗi muryar tsohuwa tana waƙar niƙa ka watsa a intanet ba ka tambaye ta ba, ba ka faɗi sunan ƙauyensu ba. Wannan sata ce ko da ɗan gida ne ya yi ta. Amma gyara ake yi wa irin wannan, kuma ba a gyara abin da aka ƙi saurara.

Abin da ake bukata ba shi da tsada. Gidan rediyon jiha ya ware rabin awa a mako ga abin da aka naɗa a ɗaki, ko da ba a yabi kowa a ciki ba. Masu shirya Rigata su bar lasifika awa ɗaya da yamma ga yaran gari bayan manya sun tashi. Masu tura waƙa a tasha, waɗanda su ne ainihin masu rarraba kiɗa a ƙasar nan, su buɗe musu jaka guda a kwamfuta kusa da ta Ɗan Maraya da Ɗanƙwairo. Iyaye kuma, idan yaro ya ce a ɗan kashe janareta minti goma zai ɗauki murya, a kashe masa.