Garin Gyaran Iska An Ɓata Ruwa

A shekarar 1979 Amurka ta fara zuba sinadarin MTBE cikin fetur a madadin dalma. Dokar tsabtace iska ta 1990 ta ƙara yawan amfani da shi, domin yana sa mai ya ƙone sosai, hayaƙi ya ragu. Amma an duba iska, an manta da ruwa.

Tankunan gidajen mai da ke binne a ƙasa sukan yi tsatsa, su yi yoyo. Shi kuwa MTBE nan da nan yake narkewa cikin ruwa, ƙasa ba ta riƙe shi, ba ya kuma saurin ruɓewa. Ɗan kaɗan ya isa ya ɓata ɗanɗanon ruwan rijiya. A 1996 birnin Santa Monica na Kalifoniya ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kusan rabin ruwan shansa. Sai a 2004 haramcin sinadarin ya fara aiki a jihar.

A ganina, sakacin na masu doka ne. Kafin a amince da kowane sinadari, wajibi ne a bi sawunsa a iska da ƙasa da ruwa, a kuma tilasta wa gidajen mai binciken tankunansu. In ba haka ba, garin neman gira sai a rasa ido.