Na'urar awon iskar jini: Lambar da ka iya yaudarar ma'aikacin lafiya a Jigawa

Tun bayan annobar korona, 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa domin auna yawan iskar oksijin a jini ta zama ruwan dare a asibitoci da shagunan magani. Tana aiki ne da hasken da ke ratsa yatsa, kuma launin fata na shafar wannan haske.

Binciken da masana na Jami'ar Michigan ta Amurka suka wallafa a Disamban 2020 ya gano cewa na'urar ta gaza nuna ƙarancin iska mai haɗari a kusan kashi 12 cikin ɗari na awon baƙaƙen fata, alhali a fararen fata bai kai kashi 4 ba. Wato takan nuna lamba mai kwantar da hankali, majiyyaci kuwa yana cikin matsala. A Janairun 2025 hukumar FDA ta Amurka ta fitar da daftarin ƙa'idar da ke neman a gwada na'urorin a kan masu launin fata daban-daban.

Batun ya shafi Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sanya wa yaro oksijin idan awonsa ya gaza kashi 90. Idan na'ura ta nuna 92 alhali gaskiyar 88 ce, yaro mai ciwon sanyin haƙarƙari a ƙaramin asibitin ƙauye na iya komawa gida, maimakon a tura shi babban asibitin Kazaure ko na Babura. Sanyin hunturu, baƙin lalle, jan farce da saka wa jariri na'urar manya duk suna ƙara gurɓata awon.

Watsi da na'urar ba mafita ba ne, domin ido kaɗai ya fi ta kuskure. Abin da ya kamata shi ne Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa ta gindaya wa 'yan kwangila sharaɗin gabatar da shaidar gwaji a kan baƙar fata, ta kuma sayi samfurin yara. 'Yan kasuwa su tsaya kan masu rajistar NAFDAC, tunda araha ba ta ado. Ma'aikatan lafiya kuwa su riƙa haɗa lambar da alamomin jiki: saurin numfashi, lotsawar ƙirji da kasa shan nono. Idan lamba ta ce lafiya lau amma yaro na haki, a tura shi gaba.