Bompai Ba Ta Kwanta da Cuta Ɗaya Ba

Duk lokacin da aka kira taro kan farfaɗo da masana'antun Kano, jawabin ba ya sauyawa: a gyara wuta, a hana fasa-ƙwauri, a ba da rance mai sauƙi. Ana jera su kamar kayan cefane, kowanne da kwamitinsa. Wannan jerin shi ne kuskuren. Matsalolin da suka garƙame ƙofofi a Bompai, Sharada da Challawa suna ciyar da juna ne, kuma wanda bai ga igiyar da ta haɗa su ba ya bar jaki yana dukan taiki.

Akwai fannin ilimi da aka gina domin irin wannan ruɗani. A shekarun 1950, manajojin kamfanin General Electric a Amurka sun rasa gane dalilin da ya sa masana'antarsu ta Kentaki ke cika da aiki, sannan bayan 'yan shekaru ta koma sallamar ma'aikata. Sun ɗora wa kasuwa laifi. Jay Forrester, malami a jami'ar MIT, ya ɗauki fensir da takarda ya nuna musu cewa ƙa'idojinsu na ɗaukar ma'aikata da tara haja, haɗe da jinkirin da ke tsakanin shawara da sakamakonta, sun isa su haifar da wannan hawa da sauka. A 1961 ya wallafa littafinsa Industrial Dynamics. Darasin shi ne sakamako yakan kewayo ya zama sanadi.

A auna Kano da wannan ma'auni. Masaƙa ta rufe, manomin Funtuwa da Gusau ya rasa mai sayen audugarsa, ya koma masara. Injinan gurza suka tsaya. Masaƙar da ta rage dole ta nemi kayan aiki daga nesa da tsada, yadinta ya kasa gogayya da na Sin a Kantin Kwari, ita ma ta rufe. Haka batun lantarki: kowace masana'anta da ta tsaya ko ta koma kan janareta, mai rarraba wuta ya rasa babban mai biya, kuɗin gyaran layi ya ragu, wutar ta ƙara lalacewa, wata masana'antar ta bi sahu.

Shi ya sa magani ɗaya-ɗaya ya riƙa shan ƙasa. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin auduga da masaƙu. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala, aka kuma rufe iyakokin tudu daga Agustan shekarar zuwa Disambar 2020. Kowane mataki ya taɓa gaɓa ɗaya, ya bar sauran suna juyawa. Zuba ruwa a randar da ta huje ba ya cika ta. Ana iya ba da rance cikin wata guda, amma makanikin da ya shekara ashirin yana sauraren kukan injin saƙa, in ya koma tuƙa adaidaita sahu, ba a samar da madadinsa cikin kasafin shekara ɗaya.

Masu suka za su ce babu alƙaluman da za a gina irin wannan lissafi da su. Uzuri ne na mai gudun aiki. Forrester bai fara da kwamfuta ba. Ya fara da tambayar manajoji yadda suke yanke shawara. Wannan sani yana nan a ƙwaƙwalwar 'yan ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, da tsofaffin ma'aikata, da dillalan Kwari. Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero na iya zaunar da su su zana taswirar yadda wuta, auduga, canji da ƙwarewa ke jan juna, a gwada kowace manufa a kanta kafin a kashe ko sisi.

Ana ɗokin isowar bututun iskar gas na AKK, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Idan gas ya iso ya tarar babu auduga, babu ƙwararru, babu mai saye, za a sake kiran taro a nemi sabon wanda za a ɗora wa laifi. Kafin ranar ya kamata a zana taswirar.