Ba a koyon harshe da baki a rufe

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke tsakiyar Kaduna ya san irin wannan yaron. Zai zo daga Anaca ko Ogbomosho bai iya ko "sannu" ba, a ajiye shi a shagon ubangidansa, kafin shekara ta zagayo sai a ji shi yana ciniki da Hausa, har da su "albarka" da "Allah ya ba da kasuwa". Babu wanda ya saya masa littafi, bai kuma taɓa zaman jarrabawa ba.

Amma a Unguwar Rimi da Malali da Kawo akwai matasa birjik da suka yi shekara uku suna darasin Faransanci a ƙaramar sakandare, yau abin da ya rage musu bai wuce "bonjour" ba. Haka Larabci. Sai ka ga mutum ya daɗe a Islamiyya, ya san fa'ili da maf'uli, amma ranar da ya je Umara ya kasa tambayar kuɗin mota. Gaskiya ne Larabcin titin Makka daban yake da na littafi, kuma Islamiyya ba don ciniki aka kafa ta ba. Sai dai ko da Larabcin littafin ne, mutum nawa ne za su iya hirar minti biyar?

Abin da ya raba su da yaron kasuwa ba basira ba ce. Shi yana jin harshen tun safe har magariba, kuma idan bai buɗe baki ba, ba zai ci abinci ba.

Maganar ta wuce ta burgewa. Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, duka maƙwabtan Najeriya, da Faransanci ake yawancin aikin ofis a cikinsu. Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana shi a matsayin harshen hukuma na biyu, amma maganar ba ta yi nisa da takarda ba. Wani zai ce ai Nijar ta ɗaga darajar Hausa zuwa harshen ƙasa a 2025, to me ya rage? Abin farin ciki ne, amma an bar Faransanci cikin harsunan aiki, kuma takardun kwastan da na kwangila ba su koma Hausa dare ɗaya ba. A ƙungiyar ECOWAS da ƙungiyoyin agaji kuwa, idan mutum biyu suka zo da digiri iri ɗaya, mai harshe biyu ake fara kira.

A yi lissafi. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci na buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci, Larabci da Sinanci kuwa kusan awa 2,200. To a ce makaranta na ba da darasi biyu na minti 40 a mako, na mako 36 a shekara. A shekara uku awa 144 ke nan, kuma mafi yawansu a kwafar rubutun allo suke ƙarewa. Wanda ya ware minti 30 kullum zai wuce wannan a shekara guda.

Wayar da ke hannun mai karatu ta isa a fara da ita, amma sai an yi hattara. Manhajoji irin su Duolingo na taimakawa wajen tara kalmomi, sai dai mutum na iya shafe wata shida yana danne-danne, yana murnar maki, bai taɓa furta jimla ɗaya a gaban ɗan'adam ba. Abin da ya fi shi ne sauraren abin da aka kusa fahimta, a kuma maimaita shi. Gidan rediyon RFI na da labarai cikin sauƙaƙƙen Faransanci. Wanda ya riga ya ji labaran ranar a sashensu na Hausa zai tarar rabin aikin ya ƙare. A haddace jimla sukutum maimakon kalma ɗai-ɗai, a kuma fara da wadda ake buƙata gobe: ɗan kasuwa da farashi da lamba, ma'aikaciyar jinya da tambayar inda ke ciwo. Masu cika gidajen kallon ƙwallo saboda Real Madrid da Barcelona ma suna da ƙofa a buɗe, domin hirar da 'yan wasa ke yi bayan tashi darasin Sifaniyanci ce kyauta. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa: kafin a fara fassara fina-finan Indiya, akwai waɗanda suka tsinci Indiyanci daidai gwargwado a sinima kawai.

Babban cikas dai shi ne kunya, kuma mutanen gari na da laifi a nan. Yaro ya yi kuskuren Turanci ko Larabci, sai aji ya fashe da dariya, wani lokaci har da malam. Daga ranar ya rufe baki. Yaron kasuwa ma ana yi masa dariya, amma shi da kuɗi a aljihu yake komawa gida, don haka bai damu ba.

Hukuma kanta ta san sai da zama cikin harshe ake iya shi. Shi ya sa aka kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala ta jihar Borno, domin a riƙa tura ɗaliban jami'a. Amma mai shago a Kawo ba zai je Badagry ba, kuma ba sai ya je ba. Jami'ar Jihar Kaduna da ke kan titin Tafawa Balewa na da malamai da ɗaliban waɗannan harsuna. Tana iya buɗe zauren hira na yammacin Asabar ga mutanen gari a kan kuɗi kaɗan. Makarantun Islamiyya na iya ware awa guda a mako da ba za a yi magana da komai ba sai Larabci, a kuma hana dariya. Ma'aikatar ilimi ta jiha kuwa ta sa a riƙa ba ɗalibi maki a kan abin da ya faɗa da bakinsa, ba abin da ya cike a takarda kaɗai ba.

Abokan hira ma ba su yi wuya ba. A unguwannin Kaduna akwai 'yan Nijar da Kamaru da Togo da suka yi boko da Faransanci, suna ɗinki ko gini ko kasuwanci, akwai kuma waɗanda suka yi karatu a Sudan da Masar da Madina. Da yawansu za su karɓi tayin hirar rabin awa bayan La'asar, ko da a bakin teburin mai shayi ne, musamman idan mai koyon ne zai biya kuɗin shayin.