Makaranta Madubin Gari Ce

 Ya ku malamai da alarammomi, da ku fatake da 'yan kasuwa na ƙasar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, ga wata magana da ta shafi 'ya'yanmu baki ɗaya.

Wanda ya tsaya a Kwanar Dangora da sassafe zai ga yara iri biyu. Ga masu tufafi iri ɗaya, sun rataya jaka, za su makarantar boko. Ga kuma ƙanana riƙe da kwano suna bin motocin da suka tsaya. Ɗan boko yana zargin malami, malami yana zargin hukuma, hukuma tana zargin iyaye. Mu abin da muka gani shi ne, makaranta madubin gari ce, ba ta nuna kome sai fuskar mutanen da suka ajiye ta. Kamar kumbo kamar kayanta.

Ku dubi tsangaya a zamanin kakanninmu. Mutanen wancan lokaci manoma ne da fatake, saboda haka karatunsu ya ɗauki kamannin noma da fatauci. Da damina almajirai suna gonar malam, in an yi kaka a ɗaura allo a tafi cirani, waɗansu har Gabas, yadda ayari ke tashi da kaya. Kolo ya zama titibiri, titibiri ya zama gardi, gardi ya koyi ɗinkin hula ko dukanci ko koli yana ciyar da kansa. Garin da suka sauka kuwa, kowane gida ya san almajirinsa, ana ajiye masa tuwo kamar ɗan gida, zakkar hatsi tana isa rumbun malam. Watau gari ne ke ɗauke da makaranta, shi ya sa ta tsaya.

A 1903 rundunar Turawa ta fasa ƙofar Bebeji a kan hanyarta ta cin Kano. Sabuwar hukuma ta zo da nata madubi. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano, mafi yawa domin 'ya'yan sarakuna da malaman da za su riƙa rubuta wa En'e lissafin haraji. Kwalejin Katsina ta biyo a 1921. Ingilishi sun zaɓi su yi mulki ta hannun sarakuna, don haka suka fara karatu da Hausa, suka taƙaita shi ga 'yan kaɗan, suka bar dubban makarantun allo ba tallafi daga baitulmali. Faransa kuwa, a ƙasar Maraɗi da Damagaram, so ta yi ta mai da ɗan ƙasa Bafaranshe, saboda haka ajinta ba ya jin wani harshe sai Faransanci. Sai a 1957 aka buɗe madarasa a garin Sayi inda aka gama Larabci da Faransanci. Ɗan wa da ɗan ƙane, ɗaya a Katsina ɗaya a Maraɗi, suka tashi da karatu daban, domin masu mulkinsu ba buri ɗaya gare su ba.

Haka abin yake a nesa. Jamus ƙasar masu sana'a ce, shi ya sa matashi yakan yi wajen shekara uku yana raba mako biyu, waɗansu kwanaki a aji, waɗansu a masana'anta gaban maigidansa, ana ba shi ɗan albashi, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a su ke yi masa jarrabawa. Masar ƙasar malamai ce, shi ya sa a 1961, maimakon ta ture Azhar gefe, sai ta shigar mata da likitanci da aikin injiniya, mahaddaci ya iya fitowa likita bai ajiye haddarsa ba.

To, mu yau me madubinmu ke nunawa? Tun daga 1976, da aka yi shelar karatun firamare ga kowa, ajujuwa sun yawaita a ƙauyuka, amma har yanzu siffar makarantar ta neman akawu ce. Yaro ya gama, takarda a hannu, ofis ba gurbi, fartanya kuma ya raina ta. Alhali ga ruwan Tiga da aka tare a 1974 yana neman wanda ya san noman rani da gyaran injin ban ruwa. Tsangaya kuwa ta riƙe tafiye-tafiyenta na da, amma garin da ke ciyar da ita ya janye hannu. Uba ya kai yaro ɗan shekara shida birni, ba guzuri, ba ziyara. A 2020, lokacin annobar korona, mun ga gwamnonin Arewa suna loda almajirai a motoci, kowa yana mai da su jiharsu ta asali kamar kayan da aka ƙi saye. Wannan hoto ba na malami kaɗai ba ne, namu ne duka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wanda ya ga datti a madubi, fuskarsa zai wanke. Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Ku malamai, Allah ya gafarta muku, ku kuka fi kowa sanin ciyar da yaro da tufatar da shi wajibin ubansa ne. Kada ku karɓi kolon da bai iya wanke rigarsa ba, sai in garinsu ɗaya da ku, ya yi karatu ya kwana gaban uwarsa. Kuma ku yarda a keɓe wani lokaci a mako a koya wa almajirai lissafi da rubutun boko. Ba yau aka fara ba: makarantar shari'a da aka kafa a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ta gama karatun biyu, ta fitar da alƙalai da manyan malamai, ba ta rage wa addini kome ba.

Ku 'yan kasuwa da manoma, zakkar abin da ruwan sama ya shayar ɗaya ce cikin goma, ta noman rani da aka wahala wajen ban ruwa ɗaya cikin ashirin. Ku haɗa kai unguwa unguwa, ku fara da mabukatan almajiran da ke kusa da ku. Sa'an nan kowane mai rumfa a Kafin Maiyaki ko Tudun Wada, da kowane tela da makaniki, ya ɗauki gardi ɗaya ya koya masa sana'a da riƙon amana, in ya ƙware ya sallame shi da jari. Abin da Jamus ke alfahari da shi ke nan, kuma iyayenmu sun san shi tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja.

A 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Muna fata aikin ya iso ƙauye, kuma wajibi ne mu riƙa tambayar inda aka kwana. Amma hukuma gini take yi, ba ta iya sa uba ya tuna da ɗansa. Yaron da ke bin mota a Kwanar Dangora yau, shi ne limaminku ko abokin cinikinku gobe, ko kuwa abin tsoronku. Allah ya sa mu gyara tun ice yana ɗanye. Haza wassalam.